Rol ɗin da nake jiran Ali Nuhu ya hau

A wata majalisar shayi da ke Yelwa, nan Garwa ta Arewacin Kamaru, na ji musun da ya hana ni sakat. Wani ne ya kunno tsohuwar waƙar fim a wayarsa, irin ta zamanin kaset, Ali Nuhu yana saurayi siriri yana juyi a cikin lambu. Mai wayar, wanda shi kansa furfura ta fara leƙo masa a gemu, ya girgiza kai ya ce, "Wallahi da Sarki zai dawo ya yi mana irin wannan ko sau ɗaya, da na yafe wa Kannywood duk abin da take yi yanzu."

Yaron da ke fifita gawayi ya ɗago. "Haba Yaya, mutum ya haura hamsin, ga muƙami gwamnati ta ba shi. Ya zauna a ofis kawai, ya bar wa yara fili."

Nan majalisa ta rabu biyu, aka yi ta ja-in-ja har shayi na uku ya sauka. Dukansu masoyansa ne, babu wanda ya zage shi, amma maganar kowane ɓangare ta sosa min rai. Ɗaya na so ya koma baya, ɗaya na so ya bar fagen gaba ɗaya. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da Sarki, kamar yadda masoya ke kiran Ali Nuhu, zai iya yi yau wanda a da shekarunsa ba su kai ya yi ba.

Ga nawa fatan, in faɗe shi tun da wuri. Ina so in ga Ali Nuhu ya ja fim sukutum a matsayin mutum mai shekarunsa, wanda labarin nasa ne daga farko har ƙarshe. Mutum mai cin guminsa, ba Alhajin falo ba. In kuma so samu ne, ya zama ɗan wannan ɓangaren na iyaka, ɗan Garwa ko Marwa ko Kuseri, tunda mu ma shekara da shekaru muna kallo amma da ƙyar muke ganin ƙofar gidanmu a allon.

Masu son a koma lambu

An haifi Ali Nuhu a Maiduguri a 1974. Wanda ya kalli Sangaya yana saurayi, yau yana biyan kuɗin makarantar 'ya'ya, wani ma ya ga jika. Na san abin da mai wayar nan yake kewa, don ni ma ina kewarsa: lokacin da ake karo-karo a yi hayar kaset, a cika tsakar gidan mai bidiyo, mata gefe maza gefe, kowa na roƙon Allah kada a ɗauke wuta.

Amma ko gobe aka ɗinka masa riga mai ƙyalli aka mayar da shi lambu, wannan tsakar gidan ba za ta dawo ba. Abin da za a samu shi ne dattijo yana kwaikwayon ƙuruciyarsa, yara su yanki guntun su yi ta yawo da shi a TikTok suna dariya. Wanda yake ƙaunarsa ba zai so masa haka ba.

Da alama ma shi ya riga mu ganewa. A 2017 da ya ba da umarnin Mansoor a kamfaninsa na FKD, Umar M. Shareef da Maryam Yahaya ya sa a gaba, ya bar musu soyayyar.

Masu cewa ofis ya ishe shi

A watan Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Jos, garin da ya yi karatun jami'a. Har nan Garwa an yi murna, kuma ya cancanta. Sai dai muƙami yana da wa'adi, wata rana za a miƙa kujerar ga wani. Abin da zai rage masa shi ne abin da ya yi a gaban kamara.

Abin da ya fi damuna a maganar yaron nan shi ne ɗaukar wasan fim kamar ƙwallo. Ɗan wasan Coton Sport in ya doshi arba'in ƙafa ta yi nauyi, dole ya jingine takalma. Ɗan fim kuwa da fuska da murya yake aiki, su kuma shekaru ƙara musu nauyin magana suke yi. Mutumin da ya binne abokai, ya riƙe gida, ya ga an yabe shi an kuma zage shi a bainar jama'a, akwai shirun da zai yi a gaban kamara wanda ɗan shekara ashirin da biyar ko ya shekara yana atisaye ba zai iya ba.

Mu da muka tashi da kallon Indiya mun ga wannan da idonmu. An haifi Amitabh Bachchan a 1942, ya gama zamaninsa na dambe da rawa, mutane suka ɗauka ya ƙare. A 2003, ya haura sittin, ya fito a Baghban a matsayin uban da 'ya'yansa suka raba shi da matarsa don ba sa son ɗawainiyarsu tare. Iyayenmu mata da ba sa jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci sun zubar da hawaye a kan wannan fim. Da ya bi shawarar masu cewa ya bar wa yara fili, da babu shi.

"Ai yana fitowa a uba"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ita ake fara jefo min. Gaskiya ne, ya daɗe yana fitowa a uba, a mai gida, a shugaban kamfani. Amma ku dubi irin uban da ake yawan rubutawa a fina-finanmu, ko wane ne zai hau rol ɗin. Falo mai kujerun alfarma, babbar riga ta sha guga, waya a hannu. 'Ya ta shigo ta durƙusa, ya ce ba za ta auri ɗan talaka ba. Hajiya ta sa baki, ya daka mata tsawa. Can gaba, bayan an sha wahala, ya yi nadama ya sa albarka. Aikinsa kenan, ya tare hanya, daga baya ya buɗe.

Uban nan ba a ganinsa shi kaɗai. Ba a nuna shi cikin dare yana lissafin bashi, ko yana tsoron abin da likita zai ce, ko yana kewar aminin da ya rasu. Ba mu san abin da ya so ya zama yana yaro ba, ba mu san me ya rasa kafin ya samu falon ba. In labarin yaran yana buƙatar cikas a shigo da shi, in an gama a mayar da shi ɗaki. A ɗauki mutumin da ya fi shekara ashirin yana gogewa a sana'a a tsayar da shi a nan, asara ce, kuma mu masu kallo muke yin ta.

Mutumin da nake so a rubuta masa

Na san shi, don kawuna ne, direban tirela.

Yawancin kayan da ke shiga Chadi a tashar ruwan Duwala suke sauka. Da yawa jirgin ƙasa ke kawo su Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, daga nan sai mota. Wasu direbobi su bi ta Tuboro zuwa Mundu, wasu su gangaro ta gangaren dutsen Falez su ratsa Garwa da Marwa da Mora da Waza har Kuseri, su haye gadar Ngeli su shiga Njamena. A kan hanyar nan ta biyu Kawu ya ƙarar da ƙarfinsa. Ya san kowane shinge, ya san inda ake samun ruwan alwala mai tsabta, ya san mai abincin da ba ta ɗumama miyar jiya. Da jandarma Faransanci yake yi, da 'yan tasha Fulatanci, a Kuseri ya juya Larabcin Shuwa, in ya yi fushi kuwa sai Hausa.

Sai idonsa ya fara dusashewa, bai gaya wa kowa ba. Ya daina tafiyar dare, yana cewa inji na buƙatar hutu. In an tsaya a duwan, wato wajen 'yan kwastan, aka miƙo takarda, sai ya tura wa yaron motarsa yana dariya, "Kai ɗan boko, karanta mana." Yaron nan shi ya raine shi a mota, shi ya koya masa cewa Falez da giya ake saukarta, wanda ya dogara da birki ba ya kaiwa ƙasa lafiya. Yaron ya gane, ya yi shiru. Sai dai tun daga nesa ya riƙa cewa, "Maigida, akwai rami a dama," kamar hira yake yi. Matar Kawu ta gane ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya malale a tabarma, ta goge ba ta ce komai ba. Mai motar shi ne na ƙarshen ganewa, ya kira yaron ya ba shi makulli.

Ranar da motar za ta fara fita ba shi, da asuba ya raka su tasha. Ya ɗauki ƙarfe ya zagaya yana bubbuga tayoyi yana sauraro kamar yadda ya saba, ya ce wa yaron ta baya ta hagu tana son iska, ya yi musu addu'a. Ya tsaya har ƙarar injin ta ɓace, sannan ya hau bayan babur ya dawo gida.

Wannan ai fim ne. Babu boka a ciki, babu kishiya, babu mugu ko ɗaya, amma akwai tambayar da za ta hana mai kallo barci. Kawu ya yi laifi da ya ɓoye, alhali yana jan lodi mai nauyi da ran yaro a gefensa da rayukan mutane a kan hanya? To da ya faɗa, wa zai ciyar da gida? Yaron da ya karɓi makulli ya ci amana ne, ko ya ceci rai? A majalisa irin ta Yelwa za a yi sati ana wannan musun, kuma musu ne mai amfani, don kusan kowane gida a nan akwai dattijon da ƙarfinsa ya ƙare kafin nauyin da ke kansa ya sauka.

Wani zai ce Ali Nuhu fuskar hutu gare shi, bai yi kama da direba ba. To mene ne aikin ɗan wasa? Mutumin da ya tsallaka Kudu ya yi Sitanda da Turanci har aka ba shi kyautar fina-finan Afirka ta AMAA a 2007, ya fito a Amina ta Netflix a 2021 cikin kayan yaƙi na da, ba zai kasa koyon yadda direba yake saukowa daga kan mota yana dafe da ƙugu ba. Abin da ake buƙata shi ne ya yarda a ɓata masa gayu, rana ta dafa shi, baƙin mai ya shiga farcensa.

Wanda kuma direba bai yi masa ba, ya leƙa Minawao kusa da Mokolo, sansanin da aka buɗe a 2013 don waɗanda Boko Haram ta koro daga Borno. Akwai mutumin da yake da shago da yara a Bama ko Banki, yau yana layin karɓar hatsi da kati a hannu, ɗansa da aka haifa a sansani bai taɓa ganin garinsu ba. Jihar da aka haifi jarumin kenan.

"Fim ɗin tsoho wa zai kalla?"

Amsar tana can ƙetaren gadar Ngeli. A 2010 Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya yi Un homme qui crie. Youssouf Djaoro ya fito a Adam, tsohon zakaran ninƙaya mai kula da wurin wanka a wani otal na Njamena, aka karɓe aikin aka ba ɗansa, shi kuma aka mayar da shi bakin ƙofa yana ɗaga wa motoci sanda. Fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa. Labarin mutum ɗaya ne mai furfura da kishin ɗansa ya kai shi ga abin da ya yi ta nadama.

Za a ce wannan na bukukuwan Turawa ne, da kuɗinsu aka yi, talakan Garwa bai gan shi ba. Akwai gaskiya a ciki. To a dawo gida. Gidan Badamasi da aka nuna a Arewa24, a kan tsoho da tarin 'ya'yansa aka gina shi, kuma babu lungun da ba a kalle shi ba. Barkwanci ne, na sani, amma ya nuna mai kallon Hausa ba ya gudun furfura in labarin ya yi daɗi. Kuma a tambayi duk mai gida, wa ke riƙe da rimot bayan isha'i? Iyaye mata ne da kakanni, waɗanda suka fi kowa sanin abin da ake nufi da miji ya zauna a gida ba aiki.

Inda maganar ta dawo kanmu

Furodusa ɗan kasuwa ne. Fim mai dogon zango na falo da soyayya yana da arha: gida ɗaya, motoci biyu, a ɗora a YouTube duk mako. Fim ɗin tirela sai an yi hayar mota, an sha mai, an nemi izinin ɗauka a ƙasa biyu, an kwana a hanya da ma'aikata. Wa zai zuba wannan kuɗin in bai ga ta inda za su dawo ba?

A nan ne masoyan wannan ɓangaren ya kamata mu dubi kanmu. Yawancin kallon da ake yi a Garwa da Marwa da Kuseri, a rumfar masu tura fim yake farawa. A miƙa memori, a ba da sefa ɗari, a cika ta da kashi goma. Mai rumfa ya ci abinci, kuma ba na ƙyashinsa, sana'a ce da ta rufa wa matasa da yawa asiri. Amma ko sisi bai koma Kano ba, kuma wanda ya shirya fim ɗin bai ma san an kalla ba. In ya duba lissafinsa zai ga Kano da Kaduna da Yamai da Saudiyya, mu kuwa kamar babu mu. Wanda ba a gani a lissafi, da wuya a rubuta masa labari.

Ba duka laifin namu ba ne. Data tana da tsada, kuma manhajojin da ake biya a kalli fim ɗin Hausa an fi gina su ne don mai naira da katin bankin Najeriya. Mutumin da ke da sefa a asusun wayarsa yana son biya, ya rasa ta ina. Wannan gyara ne da ya rage wa masu harkar su yi. Gidajen silima kuma an daɗe da rasa su a Arewacin Kamaru. A 2009 ma aka rufe na ƙarshe da suka rage a Yawunde da Duwala da Bafusam, waɗanda aka buɗe daga baya kuma ba su iso mu ba. Duk da haka, mai halin sayen data ya kalla a tashar masu fim ɗin ta YouTube, maimakon kwafin da wani ya sata ya ɗora. Wannan ko ba komai yana sa a ga Kamaru da Chadi a lissafi.

Sannan mu riƙa faɗin abin da muke so. Duk hoton da jarumin ya saka a Instagram, sai "Sarki sai kai", "Allah ya ƙara ɗaukaka". Addu'a ce mai kyau, amin. Amma mutumin da dubban mutane ke ce wa komai ya yi daidai, ta ina zai san akwai masu jiran ya yi abin da ya fi haka?

In har za a yi

Tsorona ɗaya ne. Sau da yawa in aka sako mutumin da Hausarsa ba ta Kano ba ce, don a yi dariya ake sako shi, a murɗe masa harshe, a sa masa hula a karkace. In haka za a yi wa mutumin Garwa, gara a bar mu yadda muke. Direban da nake magana a kai mutum ne mai mutunci, harshensa huɗu, kuma yadda yake cakuɗa su yana cikin abin da zai sa a yarda da shi a allo. Wannan sai an zo an zauna a tashar manyan motoci ta Ngaundere an saurara, an ɗauki marubuci ɗan nan, an ba 'yan wasanmu na Garwa da Marwa rol na gaske, musamman na yaron mota, wanda kusan rabin fim ɗin a wuyansa yake.

A nan muƙamin da yaron majalisa yake ganin ya isa dalilin ritaya zai yi amfani. Shugaban hukumar fina-finai ta ƙasa yana da ƙofar da furodusa shi kaɗai ba shi da ita. Yana iya zama da takwarorinsa na Kamaru da Chadi a kan izinin ɗaukar fim da shigo da kayan aiki ta iyaka. Akwai bikin Écrans Noirs a Yawunde tun 1997, akwai FESPACO a Wagadugu tun 1969, wuraren da fim ɗin Hausa mai nauyi zai iya tsayawa a yi gogayya da shi. Ko aikin ofis bai bar shi ya hau rol ɗin yanzu ba, yana iya share hanyar, rubutu ya yi ta nuna kafin wa'adi ya cika.

In an gama kuma, kada mu ji labarinsa daga Kano wata uku bayan fitowarsa. A kawo shi Garwa a nuna a babban zaure, a kai Marwa, a kai silimar Normandie ta Njamena da aka sake buɗewa a 2011, a yanka tikiti da sefa. A gayyaci direbobin tasha su zauna a layin gaba, don su ne za su faɗa ko Sarki ya iya riƙe sitiyari.